Kwalbata a Firjin Umma

Ku matso kusa, jama'a, abin da ke cikina yau ba na ɗaga murya ba ne. Masu turo min saƙo kuna cewa, “Auta, ki bar ruwan ido, mutumin nan ya haɗu,” duk na gani, na kuma gode. Amma ku bari in kwance muku abin da ya faru daga Asabar zuwa safiyar Litinin, sannan ku sake yanke min hukunci.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: ni ce autar gidanmu. Tun da Abba ya rasu daga ni sai Umma muka rage, yayyena kowacce tana ɗakinta a wani gari. Ina digiri na biyu a jami'a, kuma abin da nake bincike a kansa shi ne yis. E, yis ɗin burodi. Ku yi dariyarku, Gwaggo ta riga ku. Ita har yau in an tambaye ta me nake karanta, cewa take, “Oho, wai kumburin fulawa.”

Abin da kuke gani a 'yar leda kamar gari, halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai. In aka zuba su a ruwa mai sukari sai su yi ta ci suna haihuwa, ruwan ya gurɓace kamar an ɗiga masa madara. Yawancinsu a watse suke zama, kowa da harkar gabansa. Nawa kuwa daban ne. In ka girgiza kwalbar ka ajiye, kafin ka juya ka ɗauki wayarka sun yi gudaji-gudaji sun kwanta a gindi, ruwan ya koma garau har kana hango yatsanka ta bayansa.

Kowa a sashenmu ya ɗauka danƙo ne, har da Farfesa, matar da ke duba aikina. Da ma akwai irin yis ɗin da ke fitar da danƙo a bayan jikinsa, ya manne da ɗan'uwansa. Na wanke nawa da sinadarin da ke narkar da wannan danƙon, ko gezau. Sai da na kusa makancewa a kan madubin bincike sannan na gane. Uwar yis a gefen jikinta take tsirar da 'ya. In 'yar ta isa, sai ta fitar da wani sinadari da ke datse mahaɗinsu, ta kama gabanta. A nawa, harafi ɗaya ne ya sauya a wata ƙwayar gado, sai 'yar ta kasa datsewa. Ta haihu tana manne, jikar ma ta haihu tana manne, har dangin su yi nauyi su nutse.

Ranar da na nuna wa Farfesa, cire gilashinta ta yi ta ce, “Ki ja bakinki ki yi shiru. Sai mun aika an karanta mana ƙwayar gadon nan tukuna. In ta tabbata, akwai waɗanda za su ɗauke ki digiri na uku a waje.”

Na yi shirun. Mutum ɗaya tak na faɗa wa, ita ce Umma, ita ma don murna ta hana ni zama. Umma nas ce, a ɗakin haihuwa ta yi aiki har ta yi ritaya. Tana guga ina zuba mata bayani kamar rediyo, ba ta ko ɗago ba, sai da na gama ta kifa dutsen gugar ta ce, “Ato. Ba a yanke cibiya ba ke nan.” Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na zo maganar waje kuwa, sai ta ce min gugar nan ba ta ɗaukar zafi, in duba mata soket.

Sai kuma babban injin sanyi na ɗakin bincikenmu ya mutu ana cikin hutu. Ko da aka dawo, duk abin da ke cikinsa ya lalace. Allah ya taimake ni, da ma na kawo 'yar kwalba ɗaya gida saboda rashin yarda da wutar makaranta. Ku riƙe wannan da kyau: aikina duka, tun daga ranar da na fara, abin da ya rage na shi mai rai a duniya yana cikin firjin Umma, a bayan robar madara. Ran Litinin zan mayar da ita makaranta a ɗebi abin da za a aika.

To, yanzu ga Manaja.

A kamfanin da ke yin yis yana sayar wa gidajen burodi yake aiki. Wata rana suka zo ziyara sashenmu, su da yawa, Farfesa ta ce in girgiza musu kwalbata su gani. Sauran suka ce “kai!” suka wuce. Shi ya tsaya. Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya ce, “Da kansa yake kwantawa? Ba sai an saka shi a inji an wulwula ba?” Na ce e. Ya daɗe yana kallon kwalbar nan kafin ya ɗago ya kalle ni. Ban manta ba. Kwalbar ya fara gani.

Ba a rufa wata ba sai ga Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zo bakinta har kunne, wai ɗan maƙwabciyarta, wato Manaja, ya gan ni a makaranta barci ya gagare shi. Tun daga ranar ta kafa min ƙahon zuƙa, Umma kuma da ba ta cika son baƙi ba, sai ta koma canza labulen falo.

Kada ku ce ba na son sa. Matsalar ke nan, ina son sa. Yana da irin dariyar nan da ke fara fitowa ta ido kafin ta iso baki. Bai taɓa ce min karatu ya ishe ni haka ba. “Dakta” yake kira na tun ban zama ba. In na fara maganar aikina kuwa sai ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, “Ki rufa min asiri, Dakta. Ni buhu na sani da motar dakon kaya. Kimiyya tun sakandare muka raba gari.” Wannan maganar ce ta kwantar min da hankali a kansa. Na ce wanda bai san abu ba, ai ba zai yi kwaɗayinsa ba.

Asabar da la'asar ya zo. Tun azahar Gwaggo ta iso da jakarta mai zip ɗin da ya mutu, ta buɗe durowata kamar tata, ta watso kaya a kan gado.

“Wannan baƙar rigar ta makoki ce? Cire. Saka ruwan zumar nan mai duwatsu a wuya.”

“Gwaggo, tana min ƙaiƙayi.”

“Ta yi miki. Mu da muka yi aure ƙaiƙayi ne ya kashe mu?”

Na saka. Ta yafa min mayafi mai shara-shara, ta fesa min turaren Umma na unguwa har na yi atishawa, ta ja da baya ta ƙare min kallo ta ce, “To, yanzu kin fito a mutum. Kuma in kin zauna ban da maganar fulawa.”

Falon ya sha gyara. An yaye fararen ƙyallayen da Umma ke rufe kujeru da su, an goge hoton Abba, an fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinare da ko mu 'ya'yan gida ba mu isa mu sha ruwa da su ba. Fankar sama tana ta ƙiiƙii ɗinta. Manaja yana kan kujerar da ke fuskantar ƙofar kicin, cikin riga ruwan toka da ta sha guga, baƙin agogo a hannu, takalmansa a jere a bakin ƙofa kamar a kanti. Ya kawo wa Umma kwandon lemo da ayaba, ya kawo min wata 'yar jakar sanyi, shuɗiya, irin wadda ake saka allura a ciki.

“Umma ta ce za ki kai kaya makaranta ran Litinin,” ya ce. “Na ce kada rana ta taɓa miki su.”

Na ce na gode. A raina kuwa na ce, yaushe Umma ta fara ba ka jadawalina?

Aka yi gaishe-gaishe, aka taɓa hirar zafi da tsadar kaya. Gwaggo da ta hana ni maganar fulawa, ita ce ta fara tsokano ta.

“Ni dai, ɗana, ka taimaka ka raba ta da wannan wahala. Mutum ya zauna yana gadin ruwa a kwalba? Wai yis ɗinta yana dunƙulewa. To ba sai a bar shi ya dunƙule ba? Gam ne ya zube a ciki, shi ke nan.”

Manaja ya yi dariya, ya ajiye kofinsa a hankali.

“A'a, Gwaggo, nata ba gam ba ne. Cibiya ce ba a yanke ba.”

Jama'a, gabana ya yanke ya faɗi.

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya tana tafa hannu, ba ta san me aka faɗa ba. A duk faɗin sashenmu, ban da Farfesa babu wanda ya san ba danƙo ba ne. Farfesa kuma ko a mafarki ba za ta ce cibiya ba, ita sunayen boko masu tsawon igiya take kira. Baki ɗaya ne ya taɓa furta wannan kalmar a kan yis ɗina, kuma mai bakin tana zaune a gefena tana gyara tire ɗin da ba abin da ya same shi.

Na juya na kalli Umma. Ba ta kalle ni ba.

“A ina ka ji wannan?” na ce, ina murmushin da ni kaina na san bai kai ciki ba.

“Ba ke kika faɗa min ba?”

“Ban faɗa ba.”

“To wataƙila a bakin Umma na tsinta.” Ya sosa gefen gemunsa. “Kin san in na kira gaishe ta, hirarki kawai muke yi.”

“Ashe kana kira.”

“Ke!” Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu. “Laifi ne don ya gai da surukarsa? Kishi kike da uwarki?”

Aka yi dariya, ni ma na taya. Amma daga nan ban ƙara jin abin da ake faɗa ba. Idona na kansa. Umma ta tashi ta shiga kicin ƙaro ƙanƙara, ta bar ƙofar a buɗe, ƙofar firji ta yi ƙararta. Na ga idonsa ya bi ta. Kallo ne ɗan kaɗan, wanda in da ba nema nake ba da ban gani ba. Ko kuwa don ina nema ne na gani? Wallahi har yanzu ban sani ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ci min rai.

Yana fita, ko mayafi ban cire ba na faɗa kicin. Na buɗe firji, na ture robar madara. Tana nan. Murfinta shuɗi, takardar da na manna da rubutuna, farin abin a kwance a gindi. Na sauke wata ajiyar zuciya har sai da Gwaggo da ke bayana tana juye ragowar lemo a jakarta ta ce, “Lafiya? Kin ga maciji ne?”

“Ruwa nake nema.”

“A bayan madara?”

Na rufe firjin. Kunya ta kama ni. Na ce wa kaina, Auta, kin fiye zargi. Tsohuwa ta yi alfahari da 'yarta a waya, shi kuma ya riƙe kalma mai daɗi ya maimaita, sai me?

Lahadi da hantsi ina wanki saƙonsa ya shigo. Na goge hannu a zani na duba.

“Dakta, jiya na ga kamar na ɓata miki.”

“Ba komai.”

“Ba komai ɗin mata ya fi komai yawa.”

Na yi murmushi ni kaɗai kamar wata sakarya. Kun ga irin abin da nake faɗa muku. Sai na ce bari in ɗan gwada ruwan.

“Ni fa na fara gajiya da aikin nan. Ina tunanin in zubar da kwalbar in huta.”

Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa. Ta sake ɓacewa. Mutumin da ke ba ni amsa tun kafin in sauke yatsa, yau har na dauraye riga biyu bai ce komai ba.

“Kada ki yi haka,” ya turo daga ƙarshe. “Wahalarki ce. In wurin ajiya ne matsala, muna da injin sanyi a wurin aiki wanda wutarsa ba ta ɗaukewa. Ki kawo in adana miki.”

“Ba ka ce buhu kawai ka sani ba?”

“Buhun ma ai a sanyi muke ajiye shi.” Ya haɗa da fuskar dariya.

Na daɗe ina kallon wayar, kumfa na bushewa a hannuna. In mai so ne, abin da zai faɗa ke nan. In mai nema ne, shi ma abin da zai faɗa ke nan. Na tuna tambayarsa ta ranar farko, ko ba sai an saka shi a inji ba. A kamfaninsu manyan injuna ne ke aikin raba yis da ruwa dare da rana. Yis ɗin da zai kwanta da kansa, ko wanda bai je aji ba ya san abin da zai rage musu. In kuwa kwalbata ta shiga ƙofarsu, kwana kaɗan za su hayayyafa ta cike tanki, su sa mata suna, ni in koma mai ba da labarin cewa ni na fara gani.

Wani saƙon ya shigo. “Gobe zan biyo in kai ki makaranta. Kada ki hau motar haya da kayan nan.”

Na ajiye wayar, na shanya kayana, na shiga na sami Umma a falo tana sauraron saƙon murya, wayar a manne da kunnenta. Tana gani na ta kife ta a cinya.

“Wa ke magana, Umma?”

“Yayarki ce.”

Yayata muryarta siririya ce kamar ta yarinya. Wannan da na jiyo, mai kauri ce. Na wuce ɗaki. Ban taɓa kama Umma da ƙarya ba tun da na yi wayo, kuma ban san ciwonta haka yake ba.

Litinin na yi sammako. Na saka farar riga da baƙin siket, na ɗaura ɗankwali, na yanke shawarar zan fice kafin ya iso. Jakar sanyinsa na bari a kan kujera, na ɗauko tsohon filas ɗinmu mai faɗin baki na zuba ƙanƙara. Na buɗe firji, na ciro kwalbar, na ɗaga ta saitin tagar kicin. Sai hannuna ya yi abin da ya saba yi ba tare da na sa shi ba: ya girgiza ta.

Ruwan ya yi fari. Na ajiye a kan kantar kicin ina neman murfin filas. Na samo, na juyo.

Yana nan fari.

Na ce ƙila sanyi ne. Na tsaya. Na ƙura mata ido har idona ya kawo ruwa. Babu gudaji ko ɗaya. Ruwa ne gurɓatacce, lumui, irin na kowane yis da za ka saya a shagon bakin layi ka dama. Shi ma in ya kwana a firji ba a taɓa shi ba kwanciya yake a gindi, shi ya sa ran Asabar ido ya yaudare ni. Sai an girgiza ake gane na wa ne.

Na jingina da kantar. Manaja, na ce a raina. Amma yaushe? Bai taɓa wuce falo ba. Na juya kwalbar a hannuna. Takardar tawa ce, rubutuna ne, amma an ɓare ta an sake mannawa, gefenta ɗaya ya ɗan tattare. A wuyan murfin kuma an zagaya farin filasta, tsaf, ba karkace. Ni ba na sa filasta. Kuma an naɗe ƙarshensa ciki kaɗan, yadda mai cirewa zai sami wurin kamawa.

Duk ciwon da na taɓa ji a gwiwa tun ina rarrafe, da irin wannan naɗin aka rufe min shi.

Umma tana ɗakinta, zaune a bakin gado, ta yi wanka ta saka rigarta mai ruwan ganye ta tarbar baƙi. Da safe haka. Na tsaya a bakin ƙofa da kwalbar a hannu. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ba ta ko yi ƙoƙarin mamaki ba.

“Umma, ina tawa?”

“Ba ga ta nan a hannunki ba.”

“Umma.”

Ta gyara zaman abin hannunta. “Na ce za ki kai makaranta tukuna kafin ki gane. Ashe a nan ma za ki gane.”

“Kin ba shi?” na ce. “Don Allah ki faɗa min, kin ba shi?”

“Ya roƙa.”

Kalma biyu, amma sai da na dafa ƙofa. “Ya roƙa?”

“Ba sau ɗaya ba. Wai ɗan kaɗan zan ɗiba masa a sirinji, ya sa a duba miki a wurinsu, ya ba ki mamaki. Wai kada in faɗa miki.” Ta taɓe baki. “Ni zai yi wa wayo? Na karɓi haihuwar waɗanda suka girme shi. Ban ba shi ba.”

Na durƙushe a gabanta, wani sanyi ya ratsa ni, hawaye suka zubo. “Alhamdu lillahi. To kin gani, Umma? Kin ga abin da nake ji a jikina? Ba ni yake so ba, kwalbar yake so!”

“Na sani.”

Na ɗago.

“Kin ɗauka ban sani ba? Tun zuwansa na biyu na gane. Yana son kwalbar, ke ma yana ɗan son ki, sauran zai zo daga baya. An yi aure a kan abin da bai kai wannan ba.”

“Kin sani, kuma kike tura ni?”

“Kamfaninsu a garin nan yake, Auta.” Ta faɗe shi a hankali, kamar tana gaya wa mai naƙuda ta yi numfashi. “Gidansa in na hau mota ɗaya na isa. Waɗancan da Farfesarki ke faɗa, mota nawa zan hau?”

Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

“Na rufe idon ubanku a ɗakin nan. Yayyenki na raka su ɗaya bayan ɗaya, yanzu sai a waya nake ganin jikokina, suna ce min in ɗaga hannu. Ke kaɗai nake jin motsinki a gidan nan. In kin buɗe famfo ina ji, in kin ja kujera ina ji. Ranar da kika zo kina tsalle kina cewa waje, waje, kin dubi fuskata?”

Ban duba ba. Gaskiya ce, ban duba ba, kuma tausayinta ya kama ni. Amma haushinta ma yana nan, bai matsa ko'ina ba. Ban taɓa sanin mutum zai iya son ya rungume wani kuma ya so ya yi masa ihu a lokaci guda ba.

“Umma, na ji. Za mu yi magana, wallahi za mu yi. Amma ki ba ni ita yanzu. Tana ina? Kin kai firjin maƙwabta?”

Ta sunkuyar da kai.

“Umma, tana cikin sanyi dai ko?”

Idonta ya ɗan gilma wajen durowar kayanta, babbar nan ta katako da ke jingine da bangon da rana ke duka tun daga hantsi har la'asar. Bangon da ko da magariba in ka dafa shi sai ka janye hannu.

“Inna lillahi. Tun yaushe?”

“Tun ranar da ya fara roƙo. Na ce kada wata rana in fita, Gwaggonki ta buɗe masa firji.”

“Umma, abu mai rai ne! A zafi cinye abincinsa yake ya mutu! Ƙila ma yanzu…” Na kasa ƙarasawa. Na miƙe na kama hannun durowar na ja. A kulle. Na duba saman durowar inda makullin ke zama tun ina yarinya, babu shi.

“Na nannaɗe ta a tawul mai ɗan damshi,” ta ce. “Ba ta mutu ba tukuna, ina dubawa. In kin amsa masa maganar aure yau, a gabana, in buɗe miki da hannuna. Ki kai makarantarki, ki gama digirinki, ki zauna a ɗakinki a garin nan. In kuma kin ce sai kin yi tunani, ki yi. Ni ba na sauri.”

Wayata ta yi ƙara a aljihun siket. Ban so dubawa ba, amma na duba.

“Dakta, na shigo layinku. Umma ta ce yau akwai albishir.”

Na dubi durowar, na dubi Umma. Daga waje na ji tsayuwar mota, sannan hon, sau ɗaya, a hankali, irin na mai ladabi. Umma ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubi, ta karɓi kwalbar ƙaryar daga hannuna ta ajiye a kan gado.

“Je ki wanke fuskarki,” ta ce. “Ni zan buɗe masa.”